Allon tsaye ɗaya zai wadatar a Tiga da tekun Legas?

Ɗan Tiga: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa. Kamar yadda wasunku suka sani, nakan yi wata huɗu zuwa biyar a Legas kowace shekara, sauran watannin kuma ina gida a ƙauyenmu da ke bakin madatsar Tiga. A bara na tsallaka zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, a jirgin ruwa sau da yawa, na yi hayar allon nan da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili, har na fara kama ƙananan raƙuman ruwa ina biyo su zuwa gaɓa. Yanzu an nuna mini alluna uku na hannu. Na farko mai tauri ne, tsawonsa ƙafa 8 da inci 6, faɗinsa inci 29, an rubuta lita 115 a jikinsa, kuma yana da ramuka biyar a ƙarƙashinsa na saka fiffike, wato ɗan faifan da ke hana allo zamewa gefe. Na biyu shi ma mai tauri ne, ƙafa 10, faɗi inci 32, lita 155, da babban rami a tsakiya da ƙanana biyu a gefe. Na uku na hurawa ne, ƙafa 10 da inci 6, kaurinsa inci 6, ana naɗe shi a saka a jaka. Nauyina kilo 72 ne. Burina in sami allo ɗaya da zan riƙa motsa jiki da shi a Tiga, in kuma hau raƙumi da shi idan na koma Legas. Zuciyata ta fi karkata ga na farkon, domin irinsa na ga ƙwararru suna hawa.

Malamin kimiyya, Rano: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari mu fara da lambar da aka rubuta da lita, domin ita ce mutane suka fi tsallakewa alhali ita ce ginshiƙin zancen. Lita ɗaya ta jikin allo tana iya ɗaukar kilo ɗaya a kan ruwa. Allon farko yana da 115. Idan ka cire nauyinka 72, ka cire nauyin allon kansa da filafili da tufafin da suka jiƙe, wato kamar kilo 10, abin da ya rage bai wuce 33 ba. Wannan ragowar ita ce take tsayar da saman allon a bisa ruwa, ita ce kuma take yafe maka kuskure idan ka jingina gefe ɗaya. A allo na biyu ragowar ta haura 70. Abin da masu koyarwa suka saba faɗa shi ne mai koyo ya nemi litar da ta kai ninki biyu na nauyinsa, wanda a wurinka ya kama 144, su kuwa ƙwararrun da ka gani sukan sauko har kusa da nauyin jikinsu, ruwa yana wanke musu ƙafafu suna tsaye. Ka kuma ƙara da cewa ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar kaya da kamar kashi biyu da rabi cikin ɗari, saboda haka allon da ya ɗauke ka da ƙyar a Legas zai ɗan ƙara nutsewa a Tiga.

Mazaunin Legas: Malam ya yi lissafi daidai, kuma ni zan ƙara da abin da na gani da idona, domin shekara shida ke nan ina hawa. Kuskuren da na yi a farko shi ne ainihin wanda ƙanenmu yake shirin yi. Na sayi ƙaramin allo saboda na ga yadda ake juya shi a fuskar raƙumi, sai na shafe watanni ina faɗawa ruwa tun kafin raƙumin ya iso. Abin da mai kallo daga gaɓa ba ya gani shi ne, hawan kansa daƙiƙu kaɗan ne, sauran lokacin duka kana tsaye ne kana jira, ruwa yana kaɗa ka ta gefe, ko kana ƙoƙarin ratsa kumfar raƙumin da ya riga ya fashe. Wanda ƙafafunsa suka gaji da neman daidaito ba shi da ƙarfin da zai tuƙa ya shiga raƙumi idan ya zo. Inci uku da ke tsakanin 29 da 32 a takarda ba su da yawa, amma a ƙarƙashin ƙafa nesa ce mai girma. Ƙanena, allo na biyu ne naka. Za ka kama raƙumi goma da shi a lokacin da za ka kama ɗaya da na farkon, kuma yawan hawan shi ne yake koyar da mutum.

Ɗan Tiga: Na gode, Malam, na gode, Yaya. To amma akwai abin da yake damuna, wato yadda zan kawo allo mai ƙafa 10 daga Legas zuwa Kano, tafiyar da ta kai kimanin kilomita dubu. Wannan ne ya sa nake sake duban na hurawar.

Mazaunin Legas: Na hurawar yana da amfaninsa, ba zan rage masa ba, amma ba don raƙumi aka fi yin sa ba. Kaurinsa na inci 6 yana ɗaga ka sama da ruwa, gefensa kuma dunƙulalle ne kamar tayar babur, ba shi da kaifin da zai yanki fuskar raƙumi ya riƙe. Idan raƙumin ƙarami ne, wanda bai wuce gwiwa ba, zai kai ka gaɓa kai tsaye, kuma za ka ji daɗi. Da zarar ya kai ƙugu ya miƙe tsaye, allon zai zame ta gefe, ko ya lanƙwashe a tsakiya ko da ka hura shi ya kai awon matsin iska na PSI 15 da aka saba rubutawa. Sannan irin wannan girman yakan kusa lita 300, iska tana tura shi kamar busasshiyar ƙwarya.

Dattijon masunta, Haɗeja: Ɗana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Ban taɓa ganin teku ba, amma na haura shekara hamsin ina kan ruwa, kuma tsayuwa a jirgi ana tuƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk mai jefa birgi a tsaye yake jefawa. Abin da zan gaya wa yaron nan shi ne, jirgin da muke shiga da shi cikin fadama tsakanin kacala daban yake da wanda ake tsallake babban kogi da shi lokacin da ruwa ya kawo. Na fadama siriri ne mai sauƙi, na kogi mai faɗin ciki ne da tsayin baki. Ban taɓa ganin masassaƙin da ya fafe ice ɗaya ya yi duka biyun ba. Yaro, ka zauna ka ƙirga kwanakin da za ka yi a kowane ruwa, ka sayi na ruwan da ka fi buƙata, ka haƙura da ɗayan zuwa lokacin da Allah ya hore. Sannan ina da tambaya a kan wannan fiffiken da kuke ambato a ƙarƙashin allon. Tsawonsa nawa ne? Domin a Tiga akwai mutanen da suke shimfiɗa kalli da mamari, abincin iyalinsu ke nan, kuma duk abin da ya leƙo ƙasa da jirgi sai ya kama igiya.

Malamin kimiyya, Rano: Allah ya ƙara girma, Baba. Na tsakiya yakan kai inci 7 zuwa 9, wato kamar taƙi ɗaya, na gefe kuma kamar rabin haka. Tambayarka ta kawo mu kan rabin muhawarar da ba mu taɓa ba. Asali allunan tsibiran Hawai ba su da fiffike ko ɗaya, sai mahayi ya ja ƙafarsa a ruwa idan yana son juyawa. Ba'amurke Tom Blake ne ya fara liƙa shi a 1935. Aikinsa shi ne ya hana wutsiyar allo zamewa gefe, kamar yadda gashin da ake ɗaurawa a gindin kibiya yake sa ta tafi sak. Daga baya aka yi ta gwaji. Mark Richards na Ostireliya ya ci gasar duniya sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982, ya kuma yi suna da allo mai fiffike biyu, sai ɗan ƙasarsu Simon Anderson ya fito da tsarin uku masu kusan girma ɗaya a 1980, ya ci gasar Bells Beach da shi a 1981, tsarin ya bazu ko'ina. Allon tsaye na zamani, wanda irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi a Hawai wajen farkon shekarun 2000, ya gaji waɗannan tsare-tsaren ne duka. Ni a ra'ayina, da allo na biyun yana da ramuka biyar, da na ba shi shawarar huɗu, biyu a kowane gefe babu na tsakiya, domin ruwa yana wucewa ta tsakiya ba tare da cikas ba, allon ya fi gudu, kuma a ƙaramin raƙumi marar ƙarfi gudu shi ne abin nema.

Mazaunin Legas: A nan kam zan saɓa wa Malam, cikin girmamawa. Gaskiya ne huɗu sun fi gudu idan kana bin fuskar raƙumi a tsawonsa, kuma suna riƙewa a wuri mai gangara. Amma wannan gudun yana amfanar wanda ya riga ya iya taka wutsiya ne. Fikafikai ba sa juya allo da kansu. Sai ƙafar baya ta koma ta tsaya a daidai samansu, mahayi ya danna gefe, ya kuma dogara da filafili a cikin ruwa. Mai koyo yana tsaye ne a tsakiyar allo, kusa da mariƙi, ƙafa uku ko huɗu gaba da inda fikafikan suke, saboda haka ko guda nawa ka saka masa ba zai ji bambanci a juyi ba. Inda zai ji shi ne wajen tuƙi. Allon da ba shi da na tsakiya yana karkata hanci a duk bugun filafili, sai mutum ya yi ta sauya hannu, kuma a daidai lokacin da yake buƙatar bugu huɗu ko biyar masu ƙarfi a gefe ɗaya don ya shiga raƙumi, sai ya tarar allon ya juya ya ba raƙumin haƙarƙari. Tsarin da ke jikin allo na biyu, babba ɗaya da ƙanana biyu, shi ne ya dace da shi, kuma yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: ramin tsakiyar dogo ne, ana iya matsar da fiffiken gaba ko baya. Ka tura shi baya, allo ya tafi sak ya riƙe. Ka jawo shi gaba, ya saki jiki ya yi saurin juyawa. Da fiffike ɗaya mai inci 7 da sukudireba, mutum zai yi shekara yana koyon abubuwa.

Malamin kimiyya, Rano: Na karɓi hujjar tuƙi, domin kai ne ka tsaya a kan allon, ni a takarda na sani. Sai dai ban janye gaba ɗaya ba. Na gefen ba a kafa su a miƙe. Bakinsu na gaba yana ɗan kallon hancin allo, kawunansu kuma sun ɗan buɗe waje, cikinsu shimfiɗaɗɗe ne bayansu kuma a kumbure kamar fiffiken jirgin sama. An yi haka ne don su ja allon zuwa cikin juyi. A ruwa kwance irin na Tiga, inda tafiya miƙaƙƙiya ake yi, wannan karkatar birki ce kawai. Don haka ko da ya ɗauki tsarin da ka faɗa, idan ya zo gida ya kwance na gefen ya ajiye, ya bar na tsakiya shi kaɗai. Kuma saboda maganar Baba, ya nemi wanda ya kwanta baya sosai, domin irinsa ciyawa da igiya sukan zame su wuce, ba su naɗe ba.

Mazaunin Legas: Wannan daidai ne, haka ni ma nake yi idan zan yi doguwar tafiya a ruwan lagun, wato babban tafkin Legas. Abin da zan ƙara shi ne ya duba irin ramukan gefen kafin ya biya kuɗi. Manyan tsare-tsaren biyu ne, FCS da Futures, kuma fiffiken ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. A ƙasar nan ba a samun su a kowane shago, wanda ya ɓatar da guda yakan jira mai zuwa daga waje. Ya tabbatar mai sayarwa ya haɗa masa da fikafikan da ƙananan kusoshinsu da ɗan makullin da ake ɗaure su.

Ma'aikaciyar lafiya, Bagwai: Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga farko, kuma ban san komai a kan fikafikai ba, amma ban ga wanda ya ambaci abin da zai haɗa yaron nan da allon idan ya faɗi ba. Mu mutanen Bagwai ba mu manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari da mutanen da suka taso daga Badau, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Ruwan madatsa yana kwance kamar ba ya cutarwa, shi ya sa ake raina shi. Ƙanena, idan iskar hunturu ta taso kana tsakiyar Tiga, jikinka a tsaye shi ne zai zama tutar da iska take turawa, kuma idan ka faɗi, allon zai gudu fiye da yadda za ka iya iyo ka kamo shi. Ina roƙonka ka saka rigar kariya, kada ka fita kai kaɗai, kuma ka sanar da wani a gida lokacin da za ka dawo. Abu na biyu shi ne tsargiya. Dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana zaune ne a bakin ruwa mai ciyawa, daidai inda za ka riƙa shiga da fita, kuma ta fata take shiga. Idan ka ga jini a fitsari ka zo asibiti da wuri, akwai maganinta.

Mazaunin Legas: Anti ta tuna mana da abin da bai kamata mu tsallake ba. Igiyar ƙafa wajibi ce. Don raƙumi ana amfani da miƙaƙƙiya mai tsawon allon, ba mai nannaɗe ba, domin mai nannaɗen takan fizgo allon ya dawo kan mai shi da ƙarfi, kuma allo mai kilo 10 ba abin da za a tara wa fuska ba ne. A madatsa mai nannaɗen ta fi, saboda ba ta jan ƙasa ta kama kalli. Amma kada ya kuskura ya ɗaura igiya a idon sawu a kogi mai gudu ko kusa da inda ake sakin ruwan madatsa, domin idan ta maƙale a kututture ruwa zai danne shi, hannunsa kuma ba zai kai ƙafar ba. A can Tarkwa kuwa, ya tsaya a cikin lungun da ganuwar duwatsun tashar jiragen ruwa ta kare, kada ya tsallaka ɓangaren gaɓar Lighthouse inda ruwa yake da ja. Kuma tun da mai filafili yana iya kama raƙumi tun daga nesa kafin yaran da suke kwance a kan ƙananan allunansu, ya riƙa barin wasu su wuce musu. Yaran nan a wurin aka haife su, kuma su ne za su fara kai masa ɗauki ranar da ya shiga matsala.

Dattijon masunta, Haɗeja: Maganar 'yata ta asibiti ita ce ta fi kwanta mini. In ƙara masa ɗaya: kafin ya sa wannan abu a ruwan Tiga, ya je ya gaida Sarkin Ruwan wurin, ya nuna masa, ya tambayi inda aka yi shimfiɗa da inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashi. Madatsar nan tun farkon shekarun 1970 aka yi ta, ta cinye gonaki da itatuwa, kuma masuntan wurin sun san kowane lungu. Da asuba ruwa ya fi kwanciya, a lokacin ya riƙa fita.

Ɗan Tiga: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi ƙirgar da Baba ya ce, na ga kwanakina a gida sun fi yawa, amma abin da ya ja ni ga wannan harka tun farko raƙumin ne, kuma Tiga ba ta da shi sai 'yar kaɗawar iska. Saboda haka na fasa na farkon, duk da cewa har yanzu raina yana sonsa. Zan ɗauki mai ƙafa 10, in bar shi a Legas a wurin Yaya idan ya amince, domin na ga yadda ake ɗaure kaya a saman manyan motoci, ban kuma yarda zai iso Kano lafiya ba. Na hurawar zan jira shi zuwa bayan girbi, in Allah ya nufa. Tambayata ta ƙarshe, Yaya: tun da na hannu ne, me zan duba a jikinsa ranar da zan je biya?

Mazaunin Legas: Na amince, akwai wuri a baranda inda rana ba ta kaiwa, kuma wannan yana da muhimmanci, domin cikin allon soso ne mai iska an lulluɓe shi da faiba, zafi yana kumbura iskar har fatar ta rabu da sosan. Ranar da za mu je, ka fara ɗaga shi. Idan ya yi nauyi fiye da yadda girmansa ya nuna, ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ya sha ruwa ta wata tsaga, kuma irin wannan sosan ba ya saurin bushewa. Sai ka bi samansa da tafin hannu kana dannawa, musamman inda ake tsayawa. Duk inda ya lotsa ko ya yi ƙara kamar busasshen ganye, fata ta saki. Ka kama kowane fiffike ka girgiza shi a hankali, idan ramin ya motsa tare da shi akwai gyara mai tsada a gaba. Ka duba wurin ɗaura igiyar ƙafa, da ɗan murfin da iska take fita ta cikinsa idan yana da shi. Filafili kuma ka nemi wanda ake ƙara wa tsawo, ka saita shi daidai kanka ko sama kaɗan don raƙumi, ka ƙara kamar taƙi ɗaya idan za ka tuƙa a Tiga. Ka sanar da ni ranar da za ka taso, in gaya wa mai allon ya fito da shi tare da fikafikansa uku mu gwada shi a ruwa kafin a yi ciniki.